Wankin Safar Tacewa a Tankin Kifin Ruwan Gishiri

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon kifin ado na ruwan gishiri a Gombe, kuma safar tacewa (jakar yadi mai kama da safa da ke tare dattin ruwa) da ke cikin ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin babban tankin tana toshewa da wuri. Shin zan iya wanke ta in mayar, ko kuwa dole sai sabuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ana wankewa a sake amfani da ita, amma kada ta wuce kwana 3 a cikin ruwa, domin kashin kifi da ragowar abinci da ta tare suna ruɓewa, su ƙara sinadaran naitret da fosfet waɗanda gansakuka ke rayuwa a kansu. Safa mai maikiron 100 (maikiron shi ne ma'aunin girman ƙofofin safar) ta fi mai 200 saurin toshewa saboda ƙanƙantar ƙofofinta.

Idan ka cire ta, ka juya cikinta waje, ka ɗauraye da ruwa mai ƙarfi. Kada sabulu ko garin wanki ya taɓa ta ko kaɗan, saboda abin da ya maƙale a zare yana iya kashe kifi. In ta yi dauɗa sosai, ka jiƙa ta cikin ruwa da ɗan bilic marar turare, ka ɗauraye sau da yawa, sannan ka shanya har ta bushe ƙarau kuma warin ya tafi gaba ɗaya. A lokacin hunturu gara ka shanya a ɗaki saboda ƙura.

Shawarata ita ce ka tanadi guda 4 kana musanyawa. Wadda ta yage, ko ɗinkinta ya warware, ko take ambaliya duk da wanki, sai ka jefar da ita.