Wanda zai fara tara tsofaffin mashinga, ya fara da Bren

Salam ɗan uwa, ka ce kana son fara tara mashingan da aka kashe aikinsu, wato waɗanda aka yi wa walda har ba sa iya harbi, Vickers za ka fara ɗauka ko Bren. Ni dai shawarata Bren, amma kafin nan bari in ja kunnenka kan takarda.

Duk bindigar da aka tallata maka, fara neman satifiket ɗinta. A Ingila gidajen gwajin bindiga biyu ne ke dubawa su buga hatimi, ɗaya a Landan ɗaya a Birmingham, kuma lambar da ke takardar dole ta yi daidai da wadda ke jikin ƙarfen, ka sa ido ka karanta da kanka kar ka yarda da hoto. Sannan ƙa'idar kashewar ta sha canjawa, akwai ta 1989, ta 1995, sai ta Tarayyar Turai ta 2016 wadda ta tsananta walda sosai, to wadda aka kashe a tsohuwar ƙa'ida mai ita zai iya ci gaba da ajiyewa amma a can tun 2017 sayar da ita haka laifi ne. Kowace ƙasa da dokarta, wasu ma ba su yarda da ajiyewar ba sam, ka bincika taka tukuna.

Dalilin da na ce Bren, mutum ɗaya na ɗaga ta, ƙafafunta biyu a jikinta suke, kuma an ƙera ta da yawa, a masana'antar Enfield ta Ingila, a kamfanin Inglis na Toronto, da Lithgow a Ostareliya, don haka samunta ba wuya.

Vickers kuwa ita ce ke raina wallahi, sojan Birtaniya sun riƙe ta daga 1912 har 1968, amma ba bindigar kaɗai kake saye ba. Sai ka nemo ƙafarta mai uku wadda ta fi bindigar kanta nauyi, da bel ɗin zane mai cin harsashi 250, akwatinsa, tiyon tururi (da ruwa ake sanyaya ta) da gwangwanin da tururin ke komawa ruwa a ciki, ga jakar kayan gyara da ɗan gwangwanin mai. Tara waɗannan shi ne daɗin abin, kuma nan ne jabu ya fi yawa. Bel na asali za ka ga zanen ya yi duhu da tsohon mai, ƙarafunan tagullar sun dusashe, sabon ɗinki kuwa fari tas yake da zare mai ƙyalli. Kuma ka haska tocila ƙarƙashin tankin ruwan da ya lulluɓe bututun, nan tsatsa ke ɓuya, wasu dillalai fenti kawai suke shafawa a kai.

In ta zo hannunka don Allah kar ka goge tsohon fentin ko ka sa sanfefa, darajarta kake zubarwa, mai kaɗan a tsumma ya isa, ka ajiye ta inda babu danshi. Waldar kuma kar ka taɓa ta ko da wasa, wannan maganar kurkuku ce. In ka ga wata, turo hoton hatimin da takardar mu duba tare kafin ka biya.