Ga uwar da za ta mayar da 'ya'yanta firamaren gwamnati

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki, cewa bana kuɗin makarantar kuɗi ya fi ƙarfinku, ke da maigida kun yanke shawarar mayar da yara biyu firamaren gwamnati ta unguwarku a nan Bauchi, ƙaramin zai shiga aji ɗaya, yayarsa aji huɗu, kina neman yadda za ki shirya su. Na daɗe ina riƙe da alli a firamaren gwamnati, nawa 'ya'yan ma a nan suka yi, don haka bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Ki fara da bakinki kafin ki fara da aljihunki. Ƙaramin bai san komai ba, murna ma zai yi. Yarinyar ce abin ji, domin ta yi wayon da za ta gane an cire ta daga inda ƙawayenta suke. Kada a riƙa cewa a gabanta "ai babu ce ta sa", kada kuma 'yan uwa su zo suna jajanta miki tana ji. Na sha karɓar irin waɗannan yara: sai ki ga yarinya mai ƙoƙari ta shigo kanta a sunkuye, ta ƙi ɗaga hannu, ta ƙi kula kowa, zango guda ya wuce ba ta saki jiki ba, kuma ba don karatun ya gagare ta ba. Ki ɗauke ta ku bi ta makarantar tun kafin a buɗe, ta ga ƙofar, ta ga azuzuwan. In akwai 'yar maƙwabta da ke can, ki haɗa su su riƙa tafiya tare.

Maganar takardu ba ta da yawa. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, katin rigakafin ƙaramin, sai sakamakon jarabawar yarinyar na ƙarshe da takardar canjin makaranta daga inda ta baro. Ki duba da kyau a rubuta suna da ranar haihuwa a rajista daidai da yadda suke a takardar haihuwa, don kuskuren da aka yi a aji ɗaya yakan bi yaro har jarabawar kammala sakandare, gyaransa kuma wahala ne. Game da kuɗi, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara 9 na farko, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, kyauta ne kuma wajibi. In an nemi wani abu da sunan PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, ki tambaya ko iyaye ne suka amince da shi a taro, ki karɓi rasit. In abin ya ɗaure miki kai akwai hedimasta, akwai SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, sama da su akwai Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, sannan SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha.

Yunifom kuwa, ki je makarantar ki ga kalar da idonki kafin ki shiga kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal yankan yadi, ki kai wa tela da wuri don ana gab da komawa layi yake yi. A ɗan sake ɗinkin, yara na girma. Kada ki saya wa ɗan aji ɗaya ƙatuwar jaka da littattafai goma. Littafin rubutu biyu ko uku da fensir sun ishe shi har malami ya faɗi abin da yake so. Ki rubuta suna a jikin komai, har cikin sandal.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ma'aikatar Ilimi ta jiha ce ke fitar da ranar komawa, galibi cikin Satumba, ana kuma sanarwa a rediyo. Amma za ki ji mata suna cewa "bar su su ƙara hutawa, makon farko shara ce kawai". Gaskiya ne ana shara, ana cire ciyawar da damina ta bari, har tsintsiya ake cewa su zo da ita. To amma a wannan makon ne ake rubuta rajista, a nan ne kowa ke kama wurin zamansa, in akwai littattafan rabo a nan ake fara bayarwa, a nan ne kuma malami ke riƙe sunaye da fuskoki. Ajinmu ba irin wanda 'yarki ta saba da shi ba ne, yara sun yi yawa, wani ajin ma benci bai isa ba. Wanda ya zo a mako na uku can baya zai ƙare, inda ba a ganin allo sosai, muryar malami ma da ƙyar take kaiwa. Ki kai su da kanki ranar farko da sassafe. Ki gaisa da malamin ajin, ki faɗa masa sunanki, ki karɓi lambarsa, ki roƙi a zaunar da su gaba. Wallahi malamin da ya san fuskar uwa ba ya manta ɗanta, ko da yara ɗari ne a gabansa.

Daga nan kada ki ɗauke ƙafa. A makarantar kuɗi ana kiranki don kina biya. A nan ke ce za ki nemi labari. Kullum da yamma ki buɗe littafinsu: an yi rubutu yau? An duba da jan biro? In kwana uku suka wuce shafi fari fat, ki je ki tambaya cikin mutunci, ba da faɗa ba. Kuma ki gwada karatun yarinyar da kanki, domin yara da yawa haddace abin da ke kan allo suke yi, a zaci sun iya. Ki rubuta jimla uku na Hausa da ba ta taɓa gani ba, ki ɗora yatsa kan kalmar tsakiya ki ce ta karanta. In ta tsaya tana kallon fuskarki maimakon takardar, to akwai aiki, kuma minti ashirin bayan magariba kullum ya fi lesin mai tsada amfani. Na san za ki damu da jin ana yi wa ƙaramin bayani da Hausa. Ni dai abin da na gani shi ne, yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji, Turanci ba ya ba shi wuya daga baya.

Sai jiki. Hutu ya saba musu da kallo har dare, don haka mako guda kafin komawa ki fara kwantar da su bayan isha'i, ki tashe su da asuba. Ƙarshen damina lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, shi ke cinye wa yara makonnin farko, a tabbata suna kwana cikin gidan sauro. Kada su fita da ciki wayam suna jiran kuɗin tara. Ko ɗumame ne, ko kunu da masa biyu, su ci kafin su fita, ki kuma cika musu gorar ruwa daga gida don ba kowace makaranta ke da famfo mai aiki ba. Ƙaramin ki koya masa faɗin cikakken sunansa da sunan unguwarku, da yadda zai ce wa malami yana son zagayawa ba tare da jin kunya ba.

In suna zuwa Islamiyya da yamma, ki bar musu ko da awa ɗaya tsakani su ci abinci su ɗan miƙe, kada a cika su da aike a wannan lokacin. Ranar da aka kira taron iyaye kuma, ki matsa wa maigida ya je, ko ku je tare. Allah ya yi musu albarka, ya buɗa muku.