Gizo ba ya tuba: shin wannan aibi ne a katun?

Tambaya: Malam, ni da abokina muna haɗa katun a kwamfuta a nan Ƙofar Ƙaura, Katsina, kuma gardama ta hana mu ci gaba. Shi ya ce duk tauraron da halinsa bai canzawa shirme ne na yara. Ni kuma na ce Tom da Jerry ba su taɓa canzawa ba, kuma duniya na kallonsu. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ƙanina, kai ka fi kusa da gaskiya, amma kada ka yi saurin zuwa yi masa dariya, akwai inda ya fi ka.

Gardamar taku ta girmi kakanninku. Wani marubucin Ingila, E. M. Forster, shi ya raba taurarin labari gida biyu a 1927: shimfiɗaɗɗe da mulmulalle. Ni idan ina koyarwa nakan ce faifai da tulu. Faifai kallo ɗaya za ka yi masa ka gama ganinsa. Tulu kuwa sai ka zagaya, ka leƙa ciki, kuma ba lalle ka ga gindinsa ba. Abin da masu ɗaukar maganar Forster suke mantawa shi ne bai ce faifai ba shi da amfani ba. Cewa ya yi ana saurin gane shi, ba a mantawa da shi, kuma a wajen ban dariya ya fi armashi.

Ba sai mun je Amurka ba. Tun muna kan tabarma gaban kaka, Gizo maƙaryaci ne, makwaɗaici, mai tsamin baki. A daren jiya ya cuci kura, yau zai cuci hankaki, gobe ya sha duka, jibi ya koma ruwa. Da za a wayi gari Gizo ya yi nadama ya nemi gafarar Ƙoƙi, to tatsuniya ta mutu. Daɗinta shi ne mun san halinsa, muna jiran mu ga ta wace ƙofa zai ɓullo. Haka Tom da Jerry, waɗanda William Hanna da Joseph Barbera suka fara a 1940: kowane kashi 'yan mintuna ne, a yi tsere, a fasa kwanuka, a tashi. Kashi na gaba kamar ba a yi ba. Labari irin wannan faifai yake so.

Inda abokinka ya fi ka shi ne idan labarinku mai dogon zango ne, wanda kashi na goma ya dogara da na tara. Dubi Zuko a cikin katun ɗin Avatar: The Last Airbender, wanda aka nuna daga 2005 zuwa 2008. Ɗan sarki ne da ubansa ya ƙona masa fuska ya kore shi, yana yawo yana neman abin da zai dawo masa da martaba. A ƙarshen zango na biyu, daidai lokacin da mai kallo ya sakankance ya shiryu, sai ya juya wa kawunsa baya, mutumin da ya riƙe shi kamar ɗa, ya koma gida. Ya samu duk abin da yake nema, sai ya tarar zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ka ji haushinsa, amma ba za ka ce ƙarya aka yi maka ba. Ma'aunin Forster ke nan: tauraro ya ba ka mamaki, kuma ka yarda. In bai taɓa ba ka mamaki ba, faifai ne. In ya ba ka mamaki amma ba ka yarda ba, faifai ne da ya ari rigar tulu.

Wannan na ƙarshen shi ne cutar da nake yawan gani a rubutun matasa. Mugu ya shafe kashi goma sha tara yana zalunci, a na ashirin ya fashe da kuka a ce ai maraya ne. Wannan faci ne, ba zurfi ba. Kuma ka lura, canzawa daban, zurfi daban: kawun Zuko kusan yadda ya fara haka ya ƙare, amma duk lokacin da ya buɗe baki sai ka ji akwai tsohon ciwo a ƙasa.

Akwai kuma maganar aiki, tunda ku biyu ne kacal. Fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, masu zane da yawa kan tsaya a 12 don sauƙi. Faifai yana da arha: fuska uku ko huɗu sun ishe shi. Nuna mutum yana kokawa da zuciyarsa kuwa yana cin zane, ido ya sauka, leɓe ya motsa, a yi shiru. Don haka ku zaɓi ɗaya ko biyu ku zurfafa, sauran ku bar su da halinsu guda.

Da ni ne ku, da Daura zan nufa. Macijin rijiyar Kusugu ba ya bukatar tarihin ƙuruciya, hana ɗibar ruwa kawai aikinsa. Amma Daurama fa? Sarauniya ce da ta auri baƙo, ta ba shi kuyanga, kuyangar ta riga ta haihuwa ta sa wa ɗan suna Karɓagari, sannan ita ma ta haifi Bawo. Ku zauna ku biyu ku rubuta abin da ta ce a ranta ranar da aka gaya mata sunan yaron nan, ku ga kashi nawa zai ba ku.