Amsa ga ɗalibi mai son nazarin girgizar ƙasa a ramukan haƙar zinariya

Assalamu alaikum, ƙanena. Ka ce ka kammala digirin farko a ilimin duwatsu, kana so ka zo Afirka ta Kudu ka yi na biyu a kan ƙananan girgizar ƙasa da haƙar ma'adinai ke haddasawa, ka kuma tambaya ko girgiza ce ta gaskiya ko kuwa ƙarar nakiya ce ake zuzutawa, da kuma ko lalle sai ka shiga rami.

Girgiza ce ta gaskiya. Dutsen da ke zurfin kilomita 3 yana ɗauke da nauyin duk abin da ke samansa, kuma a cikinsa akwai tsoffin tsagogi da suka shafe miliyoyin shekaru a maƙale. Idan mahaƙa suka kwashe jijiyar zinariya, wadda sau da yawa kaurinta bai kai tsayin mutum ba amma tana shimfiɗe a fili mai faɗin gaske, nauyin nan ba ya ɓacewa, sai dai ya koma kan dutsen da ke gefe. In ya tarar da tsagar da dama take gab da zamewa, sai ɓangarorinta biyu su goce a kan juna cikin ƙiftawar ido. Saboda haka haƙa ba ta ƙirƙiri tsagar ba, mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki.

Mafi yawan irin wannan girgiza ƙanana ne ƙwarai, har makinsu a ma'aunin girman girgizar ƙasa kan sauka ƙasa da sifili, abin da ya ɗaure mini kai a farkon zuwana kafin na gane cewa kowane maki ɗaya yana nufin ninkin ƙarfi kusan sau 32, don haka sifili ba shi ne ƙarshen ma'aunin ba, yana iya ci gaba da gangarawa. A ramin Mponeng kusa da Carletonville, wanda zurfinsa ya kai kimanin kilomita 4, masu bincike daga Japan da Jamus sun kafa na'urorin saurare a 2007, suka riƙa kama motsi mai maki kusan -4, wanda ko mutumin da ke kusa ba zai ji shi ba. Darajar wurin ke nan. Girgizar da ke aukuwa da kanta takan taso daga zurfin da ba mai iya kaiwa, amma a nan kana iya dasa na'urarka 'yan mitoci kaɗan daga inda dutse ya zame. Bayan girgizar garin Orkney mai maki 5.5 ta ranar 5 ga Agusta 2014, ayarin Farfesa Hiroshi Ogasawara na Jami'ar Ritsumeikan da Farfesa Ray Durrheim na Jami'ar Witwatersrand sun fara huda dutse a 2017 daga cikin ramin Moab Khotsong da ke kusa da garin, suna neman isa yankin da ya zame domin su ɗebo dutsensa su gani da ido.

Kada daɗin binciken ya mantar da kai cewa rayuka ake magana a kai. Girgizar Stilfontein mai maki 5.3 ta ranar 9 ga Maris 2005 ta kashe mahaƙa biyu, ta kuma lalata gine-gine a garin, ko da yake ƙaramar girgiza ma tana iya tarwatsa bangon rami a kan ma'aikata idan ta auku kusa da su. Har yau ba wanda ke iya faɗin rana da sa'ar da tsaga za ta zame, kuma duk wanda ya ce maka yana iyawa, ka yi taka-tsantsan da shi. Abin da muke iyawa shi ne nuna inda haɗari ke ƙaruwa, da ƙayyade tsawon jiran da za a yi bayan tashin nakiya kafin ma'aikata su koma, da ba da shawarar a bar ginshiƙin dutse ba a haƙa ba a jikin babbar tsaga domin ya tokare ta.

Rami kuwa za ka shiga, amma jefi-jefi, bayan gwajin lafiya da na jure zafi, domin dutsen can ƙasa kan kai digiri 60 a ma'aunin Celsius, sai an sanyaya iska ake iya aiki. Yawancin lokacinka a gaban kwamfuta zai ƙare, kana tantance daƙiƙar da kowace igiyar motsi ta isa kowace na'ura domin gano mafarinta. A nan ne ɗaliban ilimin duwatsu kan sha wuya, don aikin ya fi karkata ga lissafi da fiziks. Ka ƙarfafa iliminka a kansu tun yanzu, ka koyi Python, wato harshen rubuta manhajar kwamfuta, sannan ka nemi malamin da zai duba bincikenka kafin ka nemi gurbi da bizar karatu.

Haƙar zinariya mai zurfi tana ja da baya a wannan ƙasa, amma matsalar tana nan a ramin tagulla na Rudna a Poland, da na ƙarfe a Kiruna ta Sweden, da ramukan Sudbury a Kanada, kuma duk suna buƙatar mai wannan ilimi. Ka turo mini jerin darussan lissafin da ka yi da sakamakonsu, in duba abin da ya rage maka kafin ka rubuta wa kowa.