Amsa Ga Ɗalibin Da Ke Shirin Zuwa Amurka: Kwamfutar Hannu Da Kullen Sim Ɗin Ciki

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na yi farin ciki da jin cewa takardun tafiyarka sun kammala. Ka ce ka ga tallar wani kamfanin sadarwa na nan Amurka da ke ba da kwamfutar hannu mai layinta na shiga intanet a kan ɗan kuɗi kaɗan duk wata, an kuma gaya maka cewa tunda sim ɗinta a ciki yake, za ka iya sauya mata kamfani a duk ƙasar da ka je, shi ne kake tambaya ko ka karɓe ta da zarar ka sauka. Shawarata ita ce kada ka karɓa, domin abin da aka gaya maka gaskiya ne game da na'urar, amma ba lalle ya zama gaskiya game da cinikin da za ka ƙulla ba.

Sim ɗin ciki, wanda ake kira eSIM, ɗan guntu ne da ake liƙawa a jikin na'urar tun daga masana'anta, ba a cire shi, ba a kuma musanya shi. Yana da lambarsa mai alƙaluma 32, kuma idan ka sayi layi, ta intanet kamfanin yake turo masa bayanan layin, bisa ƙa'idar da ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ta tsara. A ƙirarsa, zai iya riƙe layukan kamfanoni da dama, ka kunna wanda kake so ka kashe sauran. Kullen da ake magana a kai ba lahani ba ne a ƙira. Umarni ne da kamfanin da ya sayar maka ya sa aka ɗora wa na'urar, cewa kada ta karɓi layin kowa sai nasa.

Wannan rigima ta daɗe. A watan Oktoba na 2014 kamfanin Apple ya fito da kwamfutar hannunsa iPad Air 2 tare da wani kati da ya kira Apple SIM, wanda manufarsa ita ce mutum ya zaɓi kamfani daga kan allon na'urarsa, ya kuma sauya a duk lokacin da ya ga dama. Kamfanin sadarwa na Amurka AT&T ya shiga tsarin, amma da zarar ka kunna layinsa a kan katin sai ya kulle shi, ta yadda mai son komawa wani kamfani sai ya nemi sabon kati. Takwaransa Verizon kuwa bai shiga ba a lokacin. Da aka zo 2016, aka fito da iPad Pro mai faɗin inci 9.7 wadda aka gina mata Apple SIM a ciki, sai ya zama wadda aka saya a shagon AT&T sim ɗinta na ciki a kulle yake ga AT&T, wadda aka saya a shagon Verizon kuma an kashe mata shi gaba ɗaya. Ka lura da wannan da kyau: na'ura iri ɗaya ce daga masana'anta ɗaya, ƙofar shagon da ta fito ce kawai ta bambanta abin da mai ita zai iya yi da ita.

Duk da haka, a wancan lokacin akwai mafita, domin na'urar tana da gidan sim a gefenta, kuma shi a buɗe yake, don haka matafiyi yakan sayi kati a ƙasar da ya sauka ya zura, aiki ya ci gaba. Wannan mafitar ce ke rufewa yanzu, kuma ita ce dalilin da ya sa na ɗauki tambayarka da muhimmanci. Tun 2018 Apple ya fara sa eSIM a iPad Pro, a watan Oktoba na 2022 ya daina kunna sabbin layuka a kan Apple SIM, sannan daga watan Mayu na 2024 sabbin iPad Pro da iPad Air suka fito babu gidan sim ko kaɗan. Saboda haka, idan irin wannan na'ura ta zo hannunka da wani ƙaidi a kanta, babu katin da za ka zura ka kewaye shi.

Na taɓa zama da wani ɗalibi ɗan uwanmu wanda ya sayi kwamfutar hannu a hannun wani da ke barin gari, yana murna ya samu araha. Ya sayi layi mai sauƙin kuɗi daga wani ƙaramin kamfani, ya ɗora kyamara a kan lambar da aka turo masa, na'urar ta yi ta juyi ta ce ba za a iya ƙara wannan layin ba. Ya ɗauko ɗan tsinken da ake buɗe gidan sim da shi, yana jujjuya ta gefe bayan gefe yana neman ramin, babu. Da aka bincika, ashe mai ita na farko bai gama biyan bashinta ba, kuma kamfanin ya ce ba zai saurari kowa ba sai mai asusun, wanda a lokacin ya riga ya bar ƙasar.

Bashin nan shi ne zuciyar maganar. Tallar da ka gani ba kyauta ba ce, sayarwa ce a kan biyan kuɗi kashi-kashi, galibi na wata 24 ko 36, kuma rangwamen da ake kwaɗaita maka ba a ba ka shi a dunƙule, ana rage maka shi ne daga kuɗin wata-wata muddin layin yana aiki. Ranar da ka rufe layin, rangwamen ya tsaya, ragowar kuɗin na'urar kuma ya hau kanka nan take. Manyan kamfanonin nan suna da sharuɗɗan buɗewa, waɗanda galibi suka haɗa da gama biya da kuma riƙe layin na wani wa'adi, kuma kamfanin da ya kulle shi kaɗai ke buɗewa, wanda ya ƙera na'urar ba zai yi maka ba. An ba ka doki ne, amma linzamin yana hannun mai shi. Sabon ɗalibi kuma ba shi da tarihin biyan bashi a Amurka, don haka da wuya ya samu farashin da ke kan tallar ba tare da an nemi ya ajiye kuɗi a gaba ba. Idan karatunka na shekara biyu ne, ka ga ke nan bashin wata 36 zai wuce zamanka a ƙasar.

Abin da ya fi damuna shi ne wasu ƙasashen sun magance wannan da doka, amma Amurka ba ta yi ba. Kanada ta wajabta sayar da na'urori a buɗe tun 1 ga Disamba 2017, hukumar Ofcom mai kula da sadarwa a Birtaniya kuma ta hana sayar da kullallun wayoyi daga Disamba 2021. A Amurka doka ta halatta wa mutum buɗe wayarsa tun 2014, amma ba ta hana kamfani kullewa tun farko ba. Kamfanonin suna cewa kullen yana hana zamba da sata, kuma ba zan ce hujjar ba ta da tushe ba, sai dai a ganina wanda ya fi jin nauyinta shi ne baƙo mai zirga-zirga tsakanin ƙasashe biyu, irinka.

Adalci ne in ce ba kowace na'ura ce a kulle ba. iPad da aka saya kai tsaye daga Apple aka biya kuɗinta duka a buɗe take, kuma akwai rangwamen ɗalibai. An fi cin karo da kulle a kwamfutocin hannu masu Android waɗanda kamfanonin sadarwa ke sayarwa da sunansu. Amma kafin ka kai ga zaɓi, ka tambayi kanka ko kana bukatar mai layi tun asali. Jami'o'in nan cike suke da Wi-Fi a azuzuwa da ɗakin karatu da ɗakunan kwana, da yawansu kuma suna kan tsarin eduroam da zai ba ka shiga a wasu jami'o'in, sannan wayarka za ta iya raba wa kwamfutar data idan kana kan hanya. Layin iPad na data ne kawai, ba a kiran waya da shi yadda aka saba. Fifikon mai layin shi ne tana da GPS na kanta, wato tsarin gano inda kake, wanda mai Wi-Fi zalla ba ta da shi.

Idan ka ga lalle sai mai layin, to ka saya daga wanda ya ƙera ta, ka biya duka, ka adana rasiɗi. Apple yana karɓar kayan da aka mayar cikin kwana 14, saboda haka a cikin kwanakin nan ka sayi ƙaramin layin da ake biya kafin amfani, ka kunna, sannan ka gwada ƙara na wani kamfani daban don ka gani da idonka cewa tana karɓa. Idan wadda wani ya taɓa amfani da ita za ka saya, kada ka miƙa kuɗi sai mai ita ya cire asusunsa a gabanka, an duba lambar IMEI, wato lambar shaidar na'urar, an tabbatar babu bashi ko rahoton sata a kanta, kuma layinka ya hau. Tun kafin ka taso kuma, ka tambayi kamfanin da kake amfani da layinsa yanzu ko yana ba da eSIM ga kwamfutar hannu, domin wasu kamfanoni wayoyi kawai suke ba wa, kuma amsarsu ce za ta nuna maka ko wadda ba ta da gidan sim za ta yi maka aiki idan ka koma hutu. Allah ya kawo ka lafiya.