Amsa ga mai tambayar koyon Japananci da waya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko waya kaɗai ta isa mutum ya iya karatu da rubutun Japananci, da manhajar da za ka sauke, da wata nawa abin zai ci. Ni shekara biyu da ɗoriya ke nan ina wannan fama, bari dai in gaya maka yadda ta kaya da ni.

Karatu kam waya za ta kai ka nesa sosai. Rubutu kuwa sai ka haɗa da biro da takarda, kar wani ya ruɗe ka. Wata huɗu na farko kullum bayan isha'i ina kan wata manhaja, ko fashin kwana ɗaya ban yi ba, maki na ta taruwa ni kuma ina ta jin kaina. Ranar nan ƙanena ya miƙo min takarda wai in rubuta masa sunansa da Japananci ya kai makaranta ya yi kuri, wallahi na riƙe biro na fi minti biyar ina zare ido, ko harafi ɗaya ya ƙi zuwa. Ashe duk watannin nan ƙananan haruffan boko da ake ɗorawa saman kalma, waɗanda suke kira romaji, su idona ke bi, ainihin rubutun kallon hoto kawai nake masa. Laifina ne, maɓallin kashe su na nan a saiti ban taɓa leƙawa ba. Don haka abu na farko, ka kashe romaji tun satin farko ko da za ka ji kamar an ɗauke maka wuta.

Rubutunsu kala uku ne a haɗe. Hiragana 46, katakana 46, kowane harafi gaɓa ce guda kamar ka, ki, ku, ke, ko. Waɗannan in ka dage sati biyu zuwa uku ka gama da su. Sai kuma babban yaya, kanji, da suka aro daga Sin. Jerin na amfanin yau da kullum da gwamnatinsu ta sabunta a 2010 guda 2,136 ne, kuma yaransu ma 1,026 suke koya a shekara shida na firamare, 80 kacal a aji ɗaya. To kai da kake dannawa a cikin a-daidaita ko kana jiran a kawo wuta, ka sa haƙuri, maganar shekaru ake ba watanni ba.

Amma fa mu Hausawa muna da ɗan gata da Bature bai da shi. Wasulansu biyar ne irin namu, kuma suna ja suna gajartawa. Yadda kunnenka ke raba gari na mutane da gari na tuwo, haka zai raba obasan wato gwaggo ko inna da obaasan wato kaka. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin tsu da aikinsa sak na shadda ne, kite da kitte ba ɗaya ba ne, na biyun kan sarki ake nufi. Ɗigo biyu a kafaɗar harafi kuma su mai da ka ta koma ga, wanda ya yi makarantar allo wannan ba baƙon abu ba ne wurinsa. Sai dai kar ka furta tsu ɗinsu da irin tsa ɗinmu mai ƙarfi na tsamiya, nasu sassauƙa ne, ni na daɗe ina wannan kwaɓar.

Inda takarda ta cece ni shi ne katakana. Dubi シ (shi) da ツ (tsu), sannan ソ (so) da ン (n). A fuskar waya duk kamar tagwaye, na sha faɗuwa a kansu har na fara jin haushi. Da na sayi littafin lissafi na 'yan firamare mai gida-gida na fara zana su ɗaya a kowane gida, sai hannu ya gane abin da ido ya kasa, a shi da n dogon layin daga ƙasa yake tashi sama, a tsu da so daga sama yake gangarowa. Tun ranar ban sake rikita su ba. Ka bi tsarin jan layi yadda aka nuna, sama zuwa ƙasa, hagu zuwa dama, kar ka ce ai dai ya fito.

Kanji kuma kar ka haddace shi tsurarsa, ka kama shi cikin kalma. 日 rana ce, amma a cikin 日曜日 wato Lahadi ya fito sau biyu, na farko a ce nichi na ƙarshe a ce bi. Ka ga ai haddar harafi kaɗai wahalar banza ce.

Batun manhaja, Anki nake yi kullum, katunan tuni ne da ke dawo maka da kalma daidai lokacin da kake shirin mantawa, kyauta ce a Android kuma ba ta buƙatar data bayan ka sauke katunan. WaniKani ta koyon kanji na da mataki 60, ukun farko kyauta, ka ɗanɗana kafin ka biya. Duolingo ya yi kyau na ɗumama jiki. Ka ƙara Japananci a Gboard, wato maballan rubutu na waya, akwai ma wanda za ka zana harafi da yatsa. In ka ɗan yi ƙwari sai ka shiga NHK News Web Easy, labarai ne da sauƙin harshe da ƙananan hiragana saman kanji. Duk waɗanda na gwada dai da Turanci suke bayani.

In kuma JLPT kake hari, wato jarrabawar gwada ƙwarewa a Japananci, matakanta daga N5 mafi sauƙi ne zuwa N1, kuma zaɓi-ka-cike ce, ba a sa ka rubuta kanji da hannu, sai ka rage zaman biro bayan ka gama hiragana da katakana. Yau ka leƙa kicin ka ɗauko farin magi, sunan nan Ajinomoto Japananci ne, 味の素, wancan na tsakiya mai kama da dodon koɗi shi ne no. Ka samu harafi ɗaya ke nan, saura 45. Ka faɗa min wace waya gare ka in nuna maka inda ake kashe romajin.