Ku Tambaya Mu Amsa: Kiɗan Rok, Daga Yagaggiyar Lasifika Zuwa Jitar Agadas

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan kiɗan rok suke. Masu haɗa sauti da masu gyaran kayan kiɗa da ke taya wannan fili aiki su suka amsa.

Daga wani mai karatu a Zariya: Gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanina da abokina. Ya ce Elvis Presley ne ya ƙirƙiro rok, ni kuwa na ce baƙaƙen fatar Amurka ne. Ku raba mu.

Malam, kai ka fi kusa da gaskiya. Elvis ya shiga situdiyon Sun da ke Memphis ranar 5 ga Yuli 1954, kuma waƙar da ta fito da shi a daren, That's All Right, ta wani baƙar fata ce mai suna Arthur Crudup, wanda ya naɗe ta tun 1946. Shekara uku kafin zuwan Elvis, a cikin wannan ɗakin, mai situdiyon Sam Phillips ya ɗauki Rocket 88 tare da makaɗan Ike Turner, a watan Maris 1951, kuma marubuta tarihi da dama ita suke kira faifan rok na farko. Kafin su duka akwai Sister Rosetta Tharpe, mawaƙiyar coci 'yar jihar Arkansas, wadda ke kaɗa jitar lantarki da zafi tun cikin shekarun 1940. Chuck Berry da Little Richard kuma sun fito a 1955.

Abin da abokinka zai iya riƙewa shi ne Elvis ya kai kiɗan inda wariyar launin fata ta hana masu shi kaiwa, wato gidajen rediyo da talabijin na fararen fata. A watan Nuwamba 1955 kamfanin RCA ya sayi kwantiraginsa daga Phillips a kan dala 35,000, kuɗin da ba a saba biya kan mawaƙi ɗaya ba a lokacin.

Akwai wani abu na sana'a a faya-fayan Sun da mai kunne zai lura da shi: muryar tana dawowa sau ɗaya tak, nan take, kamar an mari bango. Phillips yana samun wannan ne da na'urorin tef guda biyu. Kan da ke naɗa da kan da ke karantawa akwai ɗan rata tsakaninsu, sai sautin ya ɗan makara kafin ya dawo. Mai son gwadawa a kwamfuta ya sa jinkiri na milisakan 100 zuwa 130, maimaici ɗaya, ya rage ƙarfinsa ƙasa da na muryar asali. Idan maimaicin ya wuce ɗaya, amsa-kuwwa ce ta kogo za ka samu, ba wannan ba.

Daga wani mai koyon jita a Sabon Gari, Kano: Wannan gurnanin da jitar rok ke yi, daga ina ya samo asali? An ce mini sai na yaga lasifika. Gaskiya ne?

Ɗan'uwa, ajiye rezar. An yi hakan a tarihi, amma ba abin koyi ba ne yau.

Asalin abin ɓaci ne. A hanyar zuwa ɗaukar Rocket 88 amfilifayar mai jita, Willie Kizart, ta samu rauni, takardar lasifikar ta yage. Aka cusa mata takardu don ta tsaya, ta riƙa fitar da sauti mai karkarwa, Phillips ya ce a bar shi haka. A 1958 mai jita Link Wray ya huhhuda lasifikarsa da fensir da gangan. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks ya tsaga ta wata ƙaramar amfilifaya da reza, ya jona ta da babbar Vox. Can a Nashville kuma wani layi na teburin haɗa sauti ne ya lalace ana cikin ɗaukar faifan Marty Robbins, injiniyan, Glenn Snoddy, ya ji sautin ya yi masa, sai ya ƙera ɗan akwati mai taransisto da zai riƙa ba da shi kullum. Shi ne Maestro Fuzz-Tone da Gibson ya sa a kasuwa a 1962. Ya yi kwantai har 1965, lokacin da Keith Richards na Rolling Stones ya taka shi a Satisfaction, sai aka yi wawarsa.

Abin da ke faruwa a ciki ba shi da wuyar ganewa. Sauti igiya ce mai hawa da sauka. Idan ka tura wa bawul (kwalbar gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti a cikin amfilifaya) ko taransisto fiye da abin da zai iya ɗauka, sai ya yanke kan igiyar sama da ƙasa, kuma wannan yankan ke haifar da ƙarin muryoyi a kan ta asali. Shi ya sa 'yan rok suka fi danna tsirkiya biyu kawai, murya ta ɗaya da ta biyar. Ka danna shida gaba ɗaya cikin gurnani mai yawa, muryoyin su haɗu su dagule, ka rasa abin da kake kaɗawa.

Ga yadda za ka yi. A amfilifayarka nemi maɓallin da aka rubuta wa Gain da wanda aka rubuta wa Master. Mayar da Master ƙasa tukuna, ɗaga Gain zuwa shida ko bakwai cikin goma, sannan ka ɗaga Master a hankali har ƙarar ta ishe ka. Kuskuren masu koyo shi ne murɗe Gain har ƙarshe tare da kashe maɓallin tsaka-tsakin sauti, wanda aka rubuta wa Mid. Kai kaɗai a ɗaki zai yi maka daɗi, amma da ganga ta shigo jitar ta ɓace. Idan akwatin takawa za ka saya, sa shi farko bayan jita, kafin duk wani akwati, da batir mai bolt 9. Ka kuma tambaya ko taransistocin cikinsa na jamaniyom ne ko na silikon. Na jamaniyom su ne na asali, masu taushin sauti, amma zafi na sauya halinsu, kuma a zafin Afrilu na Kano sai su riƙa shaƙewa. Na silikon ba ruwansu da wannan.

Kashedi uku ga mai amfilifaya mai bawul. Kada ka kunna ta ba a jona lasifika ba, taransifomar fitarwa za ta ƙone, kuma ita ce mai tsada. Lambar om da ke bayanta, 8 ko 16, ta yi daidai da ta lasifika. Kuma in tsohuwa ce 'yar Amurka, wutarta bolt 120 ce, tamu 230, sai da na'urar rage wuta. Buɗe cikinta kuwa a bar wa mai gyara, domin kafasitocinta na riƙe bolt ɗari huɗu ko fiye ko bayan an zare ta daga soket.

Daga wata ɗaliba a Damagaram: Me ya sa Beatles suka daina wasa a gaban jama'a alhali tauraronsu na tsaka da haskawa?

Malama, dalilai sun haɗu, har da gajiya da barazanar da suka sha a tafiye-tafiyen 1966, amma babba a wajen mai sana'a shi ne ba sa jin kansu. Ranar 15 ga Agusta 1965 sun yi wasa a filin Shea na Niyok gaban mutum 55,600, da amfilifayoyin Vox masu wat 100 kowace. Babu lasifikar da ke fuskantar makaɗa a kan dandamali, irin wadda yau ko a gidan biki ana ajiyewa. Ihun 'yan kallo ya danne komai. Ringo Starr, mai ganga, sai motsin jikin abokansa yake kallo don ya san inda aka kai. Wasansu na ƙarshe na kuɗi shi ne na San Francisco ranar 29 ga Agusta 1966.

Mutane na ɗauka wat 100 ta ninka wat 50 a ƙara. Ba haka ba ne. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai an ninka wat sau goma. Wannan lissafi ne ya tilasta tara lasifiku kamar tubali. Jim Marshall, mai shagon ganguna a yammacin Landan, ya fara ƙera amfilifaya a 1962, kuma a 1965 ya yi wa Pete Townshend na The Who mai wat 100. A 1974 ƙungiyar Grateful Dead ta kai abin maƙura da katangar lasifiku kusan 600 mai cin wat sama da 26,000, har ɗawainiyar ɗaukarta ta gagare su suka wargaza ta.

Daga wani mai ɗan situdiyo a Jos: Na ji an ce faifan Sgt. Pepper da Beatles suka yi a 1967 a layi huɗu aka yi shi. Yaya kayan kiɗa masu yawa haka suka shiga layi huɗu?

Da juye, Malam. A situdiyon EMI da ke titin Abbey a Landan akwai na'urorin Studer J37, masu tef mai faɗin inci ɗaya da layi huɗu. Sai a cika layukan huɗu, misali ganga, jita, fiyano, wata jitar. A daidaita ƙarfin kowanne, a juye su gaba ɗaya cikin layi ɗaya na na'ura ta biyu. An samu layi uku a sarari ke nan. A cika su, in da buƙata a sake juyewa.

Wahalar a nan take. Abin da aka juye ya haɗe ke nan har abada. In daga baya ka ji fiyano ta yi yawa, ba yadda za ka rage ta ita kaɗai. Kowane juyi kuma yana ƙara shuuu ɗin tef, yana cinye kaifin sauti, don haka sau biyu ko uku ne iyaka kafin abin ya dushe. Shi ya sa furodusan Beatles, George Martin, da injiniyansa Geoff Emerick ke barin abin da suke so ya fito tas zuwa ƙarshe, wato murya, kuma sau da yawa har da jitar bas ta Paul McCartney, wadda ya kan zauna shi kaɗai ya ɗora bayan kowa ya gama. Ka saurari bas ɗin faifan, za ka ji ta a gaba, a sarari. Beatles ɗin nan, a tuna, su ne suka ɗauki waƙa goma a yini guda ranar 11 ga Fabrairu 1963. Sgt. Pepper kuwa ya ci musu watanni.

Kai da kwamfutarka ke ba ka layi ɗari, gwada wannan ko sau ɗaya: haɗe gangunanka su koma layi biyu kafin ka ɗora komai, ka rufe na asalin. Za ka ga aikin ya daina jan ƙafa.

Daga wani maƙerin ƙofofi a Kaduna: Da gaske ne mai yankakkun yatsu ne ya fara kiɗan nan mai nauyi da ake ce wa metal?

Da gaske ne, kuma ɗan sana'arku ne. Tony Iommi na da shekara 17 injin wata masana'antar ƙarfe a Birmingham ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Bahago ne, don haka da wannan hannun yake danna tsirkiya. Ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun huluna, ya lulluɓe su da fata, ya koma sirararan tsirkiyu har da na banjo. Faifan farko na ƙungiyarsu, Black Sabbath, ya fito ranar 13 ga Fabrairu 1970, kuma a na uku, a 1971, ya sassauta tsirkiyun ƙasa da murya ɗaya da rabi don su yi laushi. Sautin ya yi kauri, ya yi duhu. Mai yatsu lafiyayyu da zai sassauta haka ya sa tsirkiyu masu kauri, masu lamba 11 ko 12 maimakon 9, in ba haka ba su riƙa bugun wuyan jita suna sauka daga murya.

Daga wani mai karatu a Maraɗi: Mu a nan muna da wani rabo a wannan tarihi, ko 'yan kallo ne?

Akwai rabo. Bayan yaƙin basasar Najeriya ƙungiyoyin rok sun tashi a kudu, irin su Funkees da BLO da Ofege, waɗanda 'yan makarantar sakandare ne a Legas lokacin da suka fitar da faifansu na farko a 1973. Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream ta Birtaniya, ya zauna a Legas, ya yi faifai da Fela Kuti a 1971, ya kuma buɗe situdiyo. A 1973 McCartney ya zo situdiyon EMI na Apapa, mai layi takwas, ya ɗauki mafi yawan faifansa Band on the Run. 'Yan fashi sun tare shi da wuƙa sun tafi da kaset ɗin gwajin waƙoƙinsa, Fela kuma ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, har sai da ya kunna masa abin da ya ɗauka ya ji.

Amma inda jitar lantarki ta yi saiwa sosai wajenku ne, a hannun Buzaye. Bombino na Agadas ya ɗauki faifan Nomad a Nashville, ya fito a 2013, kuma shi ne ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar kyautar Grammy. Mdou Moctar, bahago kamar Iommi, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin Hausa, kuma ta katin waya da Bluetooth ya bazu cikin Sahara kafin Turawa su ji labarinsa. A Yamai kuma akwai Tal National, da ke waƙa har da Hausa.

Tun da yawancin wasan nan a kan janareta ake yin sa, ga abin da ya fi duk tarihin nan muhimmanci ga mai kaɗawa. Tsirkiyun jita a haɗe suke da jikin amfilifaya. Idan kayan ba su da wayar ƙasa, ka riƙe jita leɓenka ya taɓa makirfo, wutar ta jikinka za ta bi. Haka ta kashe mai jita Les Harvey a kan dandamali a Swansea a 1972. Kada a cire ƙafa ta uku ta filogi don maganin huuu ɗin lasifika. A kafa wa janareta sandar ƙasa, a jona amfilifaya da teburin sauti a layin wuta ɗaya, kuma kafin a fara a sa mita tsakanin tsirkiya da kan makirfo. In ta nuna fiye da 'yan bolt kaɗan, a kashe a nemo inda matsalar take.